Yadda za ka fara rediyon sha'awa a ƙauye da wat biyar da batirin sola

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya san gajeren zango, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Ya ga dattijo ya ja eriya yana murza akwati a hankali, yana neman mita 19 ko 25 ko 41 don ya kamo labaran London, waɗanda sashen Hausa na BBC ke watsawa tun 1957. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, a gefen waɗannan manyan tashoshi akwai 'yan filayen da dokar sadarwa ta duniya ta keɓe wa mutane irina da irinka. A nan ne malamin makaranta a Italiya ke hira da manomi a Birazil, kowa daga ɗakinsa, ba kati, ba data, ba jiran sabis. Wannan shi ne rediyon sha'awa. Ba gidan rediyo ba ne, ba a sa waƙa, ba a talla, ba a gaisuwar masu saurare. Mutum biyu ne ke magana, ɗaya ya faɗa ɗaya ya saurara, sai dai tsakaninsu na iya kai dubban kilomita.

Mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a a wannan harka. Babban abokin gabar mai sauraron gajeren zango shi ne ƙarar da kayan lantarki ke fesawa a iska: inbata, cajar waya, ƙwan fitila mai arha, janareta. A Fagge ko Sabon Gari, neman siginar mutumin da ke Jamus kamar neman jin raɗa ne a tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A ƙauyen da ke bayan Gumel ko Rano kuwa iska shiru take, ga fili, ga bishiyoyin rataya waya. Wuta ce kawai babu, ita ma ba ta hana komai, domin akwai reshe guda na harkar da aka gina shi kan ƙaramin ƙarfi. Ana ce masa QRP: wat 5 zuwa ƙasa idan da bugun tangarahu ake magana, wat 10 idan da murya ne. Shi zan bi da kai a nan.

Mataki na farko: kunne kafin baki

Kada ka fara da sayen na'urar aikawa. Ka yi wata biyu ko uku kana saurare kawai.

Akwatin da ake kama BBC da shi ba zai wadatar ba. Manyan tashoshi suna watsawa da tsarin AM, su kuwa masu rediyon sha'awa da SSB suke magana, tsarin da ke zubar da duk abin da ba dole ba a cikin sigina ya tattara ƙarfin kan murya. Idan ka kamo su da akwati na gama-gari, sai ka ji murya a shaƙe, ba ka tsintar ko kalma ɗaya. Ka nemi wanda aka rubuta SSB a jikinsa, irin Tecsun PL-330 ko PL-660. Idan kana da kwamfuta, akwai wata 'yar na'ura mai kamar filas, RTL-SDR, wadda ke mayar da kwamfutar akwatin rediyo. Wanda kuma waya ce kawai gare shi zai iya shiga WebSDR na Jami'ar Twente da ke Holan ya saurara ta intanet, sai dai ya tuna abin da kunnen Turai ke ji yake ji, ba abin da zai iso ƙauyensu ba.

Ina za ka murza? Najeriya tana yanki na ɗaya a rabon duniya, tare da sauran Afirka da Turai. Zangon mita 40 namu daga megahaz 7.000 ne zuwa 7.200, yana maƙwabtaka da mita 41 ɗin nan da ka saba ji ana sanarwa. Zangon mita 20 daga 14.000 zuwa 14.350, mita 15 daga 21.000 zuwa 21.450, mita 10 daga 28.000 zuwa 29.700. SSB iri biyu ne, LSB da USB: a ƙasa da megahaz 10 ana danna LSB, a sama da haka USB. Siginar ba tafiya take miƙe ba, tashi take sama ta bugi wani rufin iska mai caji da ake kira ayonosfiya ta dawo ƙasa, kuma rana ce ke juya wannan rufi. Shi ya sa mita 20 ta fi armashi daga la'asar zuwa bayan isha'i, mita 40 da dare har asuba, mita 15 da 10 kuma da rana. Ka samu littafi kana rubuta lokaci da inda ka murza da lambar kiran da ka ji. Kafin wata ya ƙare za ka gane daga farkon lambar cewa I ɗan Italiya ne, EA Sifaniya, DL Jamus, PY Birazil, ZS Afirka ta Kudu, 5U kuwa maƙwabtanmu ne na Nijar.

Wanda ke da dish a gida yana da wata ƙofar. Tauraron Es'hail-2 na Katar, da aka harba a 2018, yana ɗauke da tashar masu rediyon sha'awa mai suna QO-100, kuma yana zaune ne daf da digiri 26 na gabas, inda masu kallon Arabsat ke saita dish ɗinsu. Da kan dish na gama-gari da RTL-SDR da abin ba kan dish ɗin wuta, za ka ji su a tsakanin megahaz 739.5 da 740.

Mataki na biyu: takarda, sannan mutanen gari

Saurare ba ya damun kowa, amma aikawa ba lasisi laifi ne, tun daga dokar sadarwa ba waya ta 1961. Ƙanƙantar ƙarfi ba ta wanke ka, wat ɗaya ma sai da izini. Rabon zangunan sadarwa yana hannun gwamnatin tarayya, wato Ma'aikatar Sadarwa a Abuja da hukumar NCC, ita kuma NBC gidajen rediyo da talabijin ne nata. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tuntuɓi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa, NARS, wadda ke wakiltar Najeriya a ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a Paris a 1925. Su za su nuna maka takardun da ake cikawa da ofishin da ake kaiwa. Dokar duniya ta ɗora wa kowace ƙasa ta tabbatar mai nema ya san aikin, don haka ka zauna ka karanta lissafin bolt da amfiya da om, da iyakar kowane zango, da ƙa'idojin magana, da tsaro. Idan an ba ka, za ka samu lambar kira mai farawa da 5N, wadda babu mai irinta a duniya. Sai takardar ta zo hannu sannan ka yi odar na'ura daga waje.

Akwai wani lasisin da ba a rubuta shi a doka ba, kuma a wurina bai gaza na Abuja muhimmanci ba. A irin halin da Arewa ke ciki, mutumin da aka wayi gari aka ga dogon gora da waya a bayan gidansa, da dare kuma ana jin sa yana Turanci da wasu haruffa, ya jawo wa kansa zargi. Kafin ka rataya komai, ka ɗauki kwafin lasisin ka je wurin mai unguwa, ya raka ka wurin dagaci. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Ranka ya daɗe, wayar da za a gani a kan darbejiyar gidanmu ta rediyo ce, ta koyon sana'a da hira da mutanen nesa. Ga takardar gwamnati, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai son ya gani." Daga nan ka leƙa ofishin 'yan sanda na yanki da shugaban 'yan sintiri, ka bar musu kwafi. Ranar da ka fara kamo wani, ka kira yaran makaranta da malaminsu su ji da kunnensu. Abin da mutane suka gani da rana ba sa yin raɗe-raɗinsa da dare.

Oba-oba irin Baofeng da ake sayarwa a kasuwa ita ma tana ƙarƙashin wannan doka. Filin masu lasisi a kanta shi ne megahaz 144 zuwa 146, amma na'urar tana iya fita wajen nan ta faɗa kan layin jami'an tsaro. Kada ka danna maɓallin magana a inda ba naka ba, kuma kada ka yi tafiya da ita ba takarda a aljihu. Ita 'yan kilomitoci take kaiwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, ba da ita za ka kai Turai ba.

Mataki na uku: na'ura

Tambayar da kowa ke yi ita ce wat 5 zai kai ina, alhali wasu na aiki da 100. Ga lissafin. A fuskar kowace na'ura akwai ma'aunin ƙarfin sigina daga S1 zuwa S9, kuma kowane hawa ɗaya ninki huɗu ne na ƙarfi. Daga wat 100 zuwa 5 ragin ninki ashirin ne, wato hawa biyu da 'yan kai. Wanda ake ji a S9 da wat 100, za a ji shi a kusan S7 da wat 5, kuma S7 murya ce ras. Inda abin ke ciwo shi ne ranar da iska ba ta da kyau, ana jin mai wat 100 da kyar, kai sai ka nutse gaba ɗaya. Shirun ƙauyenku kai yake taimaka wa ka ji, ba ya sa a ji ka. Abin da zai sa a ji ka shi ne eriya da zaɓen lokaci da haƙuri.

Na'urorin sun kasu. Akwai na haɗa-da-kanka daga kamfanin QRP Labs na Hans Summers: QCX na tangarahu ne, QDX na saƙon kwamfuta, QMX kuma ya haɗa su. Akwai uBITX da Ashhar Farhan ya ƙera a Hyderabad ta Indiya, mai yin murya da tangarahu. Akwai kuma haɗaɗɗu daga masana'anta, irin Yaesu FT-817 da FT-818, da Xiegu G90 mai kai wat 20 amma ana iya rage shi, da Icom IC-705 wanda tsadarsa ba ta mai farawa ba ce. Idan hannunka bai saba da dalma ba, kada ka fara da na haɗawa kai kaɗai. Ka ɗauki kayan ka je shagon mai gyaran rediyo ko waya na garinku ku zauna tare, shi yana da hannu, kai kana da takardar bayani.

Ka haɗa wa kanka eriyar ƙarya ta gwaji tun yanzu. Razisto ashirin masu om 1,000, kowane mai ɗaukar wat ɗaya, idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa aka haɗe ƙafafunsu, suna ba da om 50 daidai. Kada su zama irin masu naɗin waya a ciki. A kan wannan za ka riƙa gwada na'ura ba tare da siginar ta fita ba. Kada ka taɓa danna aikawa bakin eriya yana wofi, nan take ake ƙona tiransistocin ƙarshe.

Mataki na huɗu: wuta

Batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin na cikin UPS, ya isa. A ce na'urarka na jan amfiya 0.3 tana saurare, 1.5 tana aikawa. Awa ɗaya da ka yi minti 45 kana ji, 15 kana magana, ta ci amfiya-awa 0.6. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, ka ga kana da kusan awa shida ke nan. Farantin sola mai wat 20 da 'yar kwanturola zai mayar da abin da ka sha a wuni guda.

Ka sa fis a wayar ja, daf da kan batirin, ba can kusa da na'ura ba. Ƙaramin batirin nan idan wayoyinsa suka haɗu zai mayar da su garwashi cikin daƙiƙa, a ɗakin da ke da katifa da rufin zana kuwa ka san sauran. Amfiya 3 ya dace da yawancin na'urorin wat 5, amma ka duba abin da takardar taka ta ce. Ka duba ja da baƙi sau biyu kafin ka haɗa, juya su na kashe na'ura. Wasu ƙananan na'urorin ba sa jure fiye da bolt 12, batirin da ke kan caji kuwa yana haura 14, don haka ka cire sola kafin ka kunna. Cirewar tana da wani amfanin, domin kwanturola da inbata masu arha su ne za su dawo maka da ƙarar birnin da ka tsere wa. Batirin mota mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, a bar shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da fitilar kananzir.

Mataki na biyar: eriya

A nan aikin yake, kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin abin da kuɗi mai yawa ba ya yi. Za mu yi eriya mai hannu biyu ta zangon mita 20, domin gajera ce kuma ita ce hanyar Turai.

Tsawonta duka a mita shi ne 143 a raba da megahaz ɗin da kake so. Idan 14.1 ne, ya ba ka mita 10.14, kowane hannu mita 5.07. Ta mita 40 a kan 7.1 tana kai mita 20.1, kowane hannu ya ɗan haura 10. Ka sayi wayar wayarin gida mai kauri 1.5, amma ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago. Idan cikin fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya kama dalma sosai kuma iska za ta karya shi. Ka yanka hannu biyu kowane mita 5.3, rarar ta gyara ce.

Ka samu guntun bututun roba na famfo mai tsawon tafin hannu, ka huda shi a gefe biyu, ka zura kowace waya a hudarta ka ɗaure, kada su taɓa juna. Wannan ne tsakiya. Kebul ɗin da zai sauko zuwa ɗaki, wanda aka fi so shi ne RG-58 mai om 50, ana dacewa da shi a wurin masu kayan lantarki na Sabon Gari. Idan bai samu ba, kebul ɗin dish mai om 75 yana aiki da irin wannan eriya, kuma akwai shi a kowace kasuwar ƙaramar hukuma. Ka fere bakinsa, zaren tsakiya ya tafi hannu ɗaya, saƙar da ke kewaye ta tafi ɗaya hannun. Saƙar kebul ɗin dish galibi alminiyam ce, sai dai ka matse ta da kusa mai noti da washa. Ka rufe mahaɗar da salatif ɗin lantarki sosai, bakin kebul yana kallon ƙasa, don ruwan damina idan ya shiga cikinsa ya gama da shi. Daf da mahaɗar ka naɗe kebul ɗin zagaye takwas a kan bututu mai faɗin inci huɗu ka ɗaure, wannan ke hana sigina biyo bayan kebul ta dawo maka ɗaki. A ƙarshen kowane hannu ka sa wani guntun bututun, waya a huda ɗaya, igiyar roba a ɗayar.

Yanzu wurin ratayawa. Kafin ka ɗaga komai, ɗaga kai ka dubi sama. Wat biyar ba ya kisa, wayar NEPA ce ke kisa, kuma layukan da ke ratsa gonaki zuwa ƙauyuka masu bolt 11,000 ne ko 33,000. Irin wannan wuta ba sai ka taɓa ba, kusantarta kawai tana sa ta yi tsalle. Tsakanin gorarka da layin wuta ya zama aƙalla ninki biyu na tsawon gorar. Kada eriya ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin layi, kada a ɗaura igiya a jikin turken wuta ko da an shekara ba a kawo ta ba. Idan ƙaddara ta sa waya ta faɗa kan layi, ka saki komai ka ja da baya, ka hana kowa matsowa, a kira ma'aikatan wuta. Busasshiyar sanda ba ta kare mutum daga babban layi.

Turai tana arewa da mu, daga Kano zuwa birnin Rum na Italiya kimanin kilomita 3,300 ne. Irin wannan eriya ta gefenta take harbawa, ba ta bakinta ba, saboda haka ka miƙe ta daga gabas zuwa yamma. Tsayin mita 10 shi ne abin so, amma shida ko bakwai ma ana aiki da shi. Idan bishiya ɗaya gare ka, ka ɗaga tsakiyar sama, hannayen su gangaro gefe biyu a buɗe sosai. Darbejiya ta fi dacewa. Kuka sau da yawa akwai zuma a kogonta, giginya kuwa ta fi kowa tsawo a fili, ita tsawa ke fara nema. Ba sai ka hau ba: ka ɗaura noti a zaren kamun kifi ka harba da danƙo ta kan reshe, bayan ka kori yara daga wancan gefen, sannan ka ja igiya da zaren. Bishiya tana rawa da iska, ka sa yankin robar tayar babur tsakanin igiya da abin da ka ɗaura ta don wayar ta samu sassauci. Ƙarshen hannayen ya zama aƙalla mita uku daga ƙasa. A can ne bolt ke taruwa, ko da wat 5 yana ƙona yatsa ƙuna mai zurfi mai wuyar warkewa, kuma yaro da raƙumi da mai ɗauke da kara a ka duk ba su san da wannan ba.

Saura awo. SWR adadi ne da ke nuna yadda eriya ta dace da na'ura, mafi ƙanƙanta shi ne mafi kyau. Da ma'auninsa, ko 'yar na'urar NanoVNA, ka nemo megahaz ɗin da adadin ya fi sauka. Tunda da gangan muka yi rara, za ka same shi a ƙasa da megahaz 14. Ka sauke eriyar, ka lanƙwasa bakin kowane hannu baya ka murɗe shi a jikin wayar, daidai wa daida a gefe biyu. Santimita uku zuwa huɗu a kowane hannu na matsar da ita sama da kusan kilohaz 100. Lanƙwasawa ta fi yankewa, don abin da aka yanke ba ya dawowa. Waya mai rigar roba takan buƙaci ta fi lissafin gajarta kaɗan, kada wannan ya ba ka mamaki. Da zarar SWR ya sauka ƙasa da 2 ka wuce wurin, da kebul ɗin dish 1.5 za ka gani kuma ba laifi.

Mataki na shida: hadari da hunturu

Doka ɗaya ce ba ta da togiya: idan ba ka aiki, eriya ba ta haɗe da na'ura. Ka kwance kebul ɗin ka fitar da bakinsa waje, nesa da ɗakin kwana, ka kife masa gwangwani. Daga watan Mayu zuwa Satumba hadari kan taso daga gabas cikin 'yan mintoci. Idan kunnenka ya ji tsawa, ta riga ta matso inda za ta iya samun ka, ka kashe ka kwance nan take. Idan kuwa ta riga ta iso kanku, ka bar kebul ɗin yadda yake ka nisance shi, na'ura ana sayen wata. Tun kafin gari ya yi duhu ma rediyon zai gaya maka, za ka ji ƙaras-ƙaras yana ƙaruwa a mita 40.

Ka kafa ƙarfen atin, wato sandar da ke sauke wuta ƙasa, mai rufin jan ƙarfe daf da inda kebul ke shiga ɗaki, ka haɗa saƙar kebul da shi da gajeriyar waya mai kauri. Rairayin Jigawa idan ya bushe ba ya ɗaukar wuta sosai, ka zaɓi wuri mai danshi kamar kusa da makwararar ruwa, ka buga shi ya nutse. Amma kada ka ɗauka ya kare ka daga faɗowar aradu kai tsaye, aikinsa zubar da cajin da ke taruwa ne.

Mutane sukan saki jiki da rani, alhali busasshiyar iskar hunturu mai ƙura, da guguwar da ke gabatar ruwan farko, suna goga wa waya caji har ka ji bakin kebul yana ƙyas-ƙyas. Wannan ya isa ya kashe na'ura. Kafin ka haɗa, ka taɓa tsinken tsakiyar filogin da jikin ƙarfen atin ya sauke abin da ya tara. Zafin Afrilu ma abin lura ne, a ajiye na'ura a inuwa, a rufe ta da kyalle idan an gama saboda ƙura. Dalma kuma guba ce, a yi aikinta inda iska ke kaɗawa, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Mataki na bakwai: kiran farko

Mai ƙaramin ƙarfi ya fi cin nasara idan ya amsa kiran wani. Ka nemi wanda ke kiran CQ, wato yana neman kowa, kuma kana jin sa da ƙarfi. Da ya yi shiru, ka danna ka faɗi lambarka sau ɗaya, a hankali, da haruffan da duniya ta yarda da su: 5N ana faɗinsa "Five November", sauran su biyo a haka. Ka saki maɓalli ka saurara. Idan ya maimaita lambarka, ka ba shi rahoto: adadi na farko daga 1 zuwa 5 yadda kake fahimtarsa, na biyu daga 1 zuwa 9 ƙarfin siginarsa. Ka faɗi gaskiya, idan 55 ne kada ka ce 59. Sai sunanka na farko da garinku, ka rufe da 73, gaisuwar sallama ke nan. Turancin da ake buƙata bai wuce wannan ba.

Idan kai za ka yi kira, ka saurara minti ɗaya, ka tambaya ko akwai mai amfani da wurin, sannan ka fara. Masu QRP suna taruwa a megahaz 14.285 da 7.090 da murya, 14.060 da 7.030 da tangarahu. Masu lasisi a Najeriya ba su da yawa, don haka 5N abin nema ne. Wata rana za ka yi kira ɗaya mutum ashirin su rufe ka lokaci guda. Kada ka ruɗe, ka tsinci haruffa biyu daga lambar ɗaya ka ce shi kaɗai kake so, ka gama da shi ka ɗauki na gaba. Ba a cinikayya a kan iska, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana, kuma al'adar harkar ita ce a bar siyasa da gardamar addini a waje.

Ranar da murya ta ƙi tafiya, akwai FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke aika gajeren saƙo ta manhajar WSJT-X, ana karɓa-karɓa duk daƙiƙa 15, kuma tana tsinto siginar da kunne ba ya ji sam. Ana samun su a 14.074 da 7.074, duka a USB. Agogon kwamfutar dole ya zama daidai, kuskuren da ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu na hana ta karantawa. Za ta tambaye ka lambar murabba'in da kake a taswira: Dutse da Birnin Kudu da Rano suna JK41, Gumel da Kazaure JK42, Haɗeja JK52. Tsarin yana sa na'ura aiki ba hutu tsawon kowane zagaye, ka rage ƙarfi idan jikinta ya ɗau zafi. Bayan ka aika na 'yan mintoci, ka buɗe shafin PSK Reporter a waya ka rubuta lambarka, taswira za ta nuna maka duk tashar da ta ji ka. Da ita za ka gane ko ɗaga eriya da mita ɗaya ko juya ta ya ƙara wani abu.

Kowace hira ka shigar da ita littafi: kwanan wata, lokaci, zango, lambar mutumin, rahoton da ka ba shi da wanda ya ba ka, da wat nawa ka yi aiki. Lokacin da ake rubutawa na duniya ne, UTC, agogonmu yana gabansa da awa ɗaya, ƙarfe 7 na yamma a Ringim 18:00 ke nan a littafi. Da yawa za su nemi shaidar sun yi magana da Najeriya, wasu da katin QSL ta gidan waya, mafi yawa yanzu ta intanet a LoTW ko QRZ.com. Ranar da ka shiga gari ka samu sabis mai ƙarfi, sai ka ɗora na makon gaba ɗaya.